Filin Surulere: mun iya gini, ba mu iya riƙo ba

Mu mazauna Idi-Araba, babban filin wasa na Surulere maƙwabcinmu ne. An gina shi a 1972 don wasannin Afirka na 1973. A nan Najeriya ta lallasa Aljeriya da ci 3-0 ta ɗauki kofin Afirka a 1980, kuma dattawanmu har yau suna ba da labarin wannan rana.

To, yau fa? Tun da aka buɗe filin Abuja mai cin mutum dubu 60 don wasannin Afirka na 2003, aka juya wa Surulere baya. Kujeru suka lalace, ciyawa ta mutu. A 2023 ma ɗaya daga cikin dogayen turakun fitilunsa ya faɗi bayan ruwa da iska. Shi kansa na Abujan sai da Ɗangote ya sa hannu kafin ciyawarsa ta farfaɗo.

Laifin ba na siminti ba ne. Ƙarfen da ke kusa da teku yana buƙatar fenti da dubawa a kai a kai, magudanar ruwa na son yashewa, ciyawa na son ban ruwa. Amma mu, wallahi, da an kammala gasa sai a kulle ƙofa, kowa ya kama gabansa.

Yaranmu na buga ƙwallo a kan kwalta, motoci na wucewa. Kafin a sake kafa tubalin wani sabon fili, a fara gaya mana wa zai riƙa kula da shi, kuma da wane kuɗi.