Askin Salvia a Lambunan Texas

Sabon mai lambu a jihar Texas ta Amurka ya fi kashe Salvia greggii da kulawa fiye da sakaci. Ya ga 'yar itaciya mai ƙananan ganye da jajayen furanni, tausayi ya kama shi, ya dinga ɗura mata ruwa da taki har saiwarta ta ruɓe. Gwani kuwa ya san daga ina ta fito: gangaren duwatsun kudu maso yammacin Texas da arewacin Meziko, inda ƙasa tsakuwa ce, ruwan sama kuma yana sauka ya wuce. Don haka kafin ya dasa ta sai ya duba makwancin ruwa. Idan ƙasar laka ce, ya tada kunya, ya gauraya ta da tsakuwa, ya zaɓi gefen da rana ke duka.

Masanin tsirrai Asa Gray ne ya raɗa mata suna a 1870, don tunawa da Josiah Gregg, ɗan fataken da ya ratsa yankin yana tattara tsirrai. Danginta ɗaya da na'a-na'a da ɗaɗɗoya. Murza ganyen ka shinshina, za ka yarda. Tsayinta bai cika wuce mita 1 ba, kuma inda sanyi bai yi tsanani ba ganyenta ba ya kaɗewa.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne askin. Furenta a kan sabon toho yake fitowa. Idan aka bar ta shekara biyu ko uku babu almakashi, sai gindin ya zama busassun ƙirare, ganye da fure su koma can ƙarshen reshe, tsakiyar ta buɗe. Mai lambun da ya san aikinsa yakan jira wajen watan Fabrairu, sanyi na shirin tafiya, ya rage kashi ɗaya cikin uku na tsayinta, wani lokacin har rabi. Ba ya yanka da ka. Yana bin reshe da ido har ya ga gaɓar da ke da ɗanyen ganye, ya datse sama da ita kaɗan, domin tsohon icen da ya daɗe babu ganye ba kullum yake sake tohowa ba. Hannunsa kuma da sauƙi yake, saboda rassan nan da wuya su lanƙwasa, karyewa suke yi. A ƙarshen zafi, wajen Agusta, ya sake yi mata ɗan gyaran fuska, shi ne ke jawo yalwar furen kaka wanda ta yi suna da shi.

Wurin dasa ta ma sai da lissafi. Ba ya sa ta bakin hanyar da yara da karnuka ke guje-guje. Yakan jera uku ko biyar masu launi ɗaya, ja ko fari ko ruwan hoda, don a hango su daga nesa, maimakon ya watsa kowane launi ko'ina, abin da ni dai ba ya min kyau. Ƙananan tsuntsayen nan masu dogon baki da ke tsayawa cak a iska suna tsotson fure ba sa barin wurin, barewar daji kuwa da ke addabar lambunan Texas ƙamshin ganyen yakan sa ta wuce.

Abin da ya aske ma ba ya zubarwa duka. Ya zaɓi ɗanyen reshe kamar tsawon yatsa, ya zage ganyen ƙasa, ya soka a yashi mai laima a inuwa, cikin 'yan makonni ya yi saiwa.