Jinjina ga Magina CUPS

A gidan da kwamfuta ɗaya ke aiki da Windows, wata da macOS, tsohuwar da ke lungu kuma da Linux, samun firinta guda da za ta amsa kiran kowacce ba ƙaramin aiki ba ne, domin kowace babbar manhaja, wato wadda ke juya na'urar baki ɗaya, da irin yarenta ta zo. Waɗanda suka sasanta wannan rikici su ne magina CUPS, manhajar da ke karɓar takardun da aka turo, ta jera su layi, ta mayar da su siffar da firinta ke ganewa. Michael Sweet ya fitar da ita a 1999, kamfanin Apple ya sa ta cikin Mac OS X a 2002, ya saye ta a 2007, yanzu kuma ƙungiyar OpenPrinting ce ke riƙe da reshen da Linux ke dogaro da shi.

Hangen nesansu ya fi bayyana wajen ɗora aikin a kan IPP, ƙa'idar aika bugu ta hanyar sadarwa wadda ba mallakar kamfani ɗaya ba ce, kuma take bi ta ƙofa mai lamba 631. Saboda haka tsohuwar firinta mai igiyar USB, da zarar an jona ta da ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi an buɗe rabawa, sai ta riƙa shelar sunanta a cikin gida, kwamfutoci da wayoyi su gan ta, galibi ba tare da farautar direba ba, wato manhajar da kan zo a faifai ta ɓace tun a shekarar farko. Duk wannan kyauta suke bayar da shi, kuma sun cancanci yabo.