Daga Tuba zuwa Tsayuwa: Yadda Ikilisiyoyin Arewa ke Renon Sababbin Masu Bi

A ikilisiyoyin da ke sujada da Hausa, daga Kagoro zuwa Numan, daga Garkida zuwa Maraɗi, ranar da mutum ya furta cewa ya karɓi Yesu ba ita ce ranar da ake lissafa shi cikakken ɗan ikilisiya ba. Tsakanin furcin da ranar baftisma akwai tafiya ta watanni, a da ma ta shekaru. Mai yin tafiyar ana ce masa sabon tuba ko sabon mai bi. Wurin da ake koya masa shi ne ajin baftisma, 'yan Katolika da Angilikan kuma su ce katikisma. Al'adar ta haura shekara ɗari a wannan yanki, ta isa a auna ta a ga abin da ta iya da abin da ya gagare ta. Abin da wannan nazari ya hango shi ne, ajin ya ƙware wajen nuna wa sabon mai bi abin da zai bari. Abin da zai kama ya rayu da shi kuwa, yawanci a wajen aji yake samunsa, a hannun mutanen da ba wanda ya naɗa su malamai.

Daga ina jiran ya fito?

Wanda ya karanta Ayyukan Manzanni zai lura ba a jira a cikinsa. Jami'in fadar Habasha da Filibus ya gamu da shi a hanyar Gaza, a ruwan da suka tarar a hanya aka yi masa baftisma. Mai tsaron kurkukun Filibi da iyalinsa, a daren da suka ba da gaskiya aka yi musu. Jiran ya shigo ne daga baya, da ikilisiya ta cika da mutanen da suka taso cikin bautar gumaka, ga kuma tsanantawar daular Roma da ke sa wasu musun bangaskiyarsu da zarar wuya ta yi wuya.

Akwai wani tsohon littafin tsarin ikilisiya da aka daɗe ana dangantawa da Hifolitus na Roma, malamin ƙarni na 3. Ya sa wa mai neman baftisma shekara 3 yana sauraron koyarwa, amma ya yarda a rage wa mai himma, domin hali ake dubawa ba yawan kwanaki ba. Kafin a karɓi mutum ana bincika sana'arsa. Kafin a yi masa baftisma kuma ana tambayar waɗanda suka kawo shi ko ya girmama gwauraye, ko ya gaida marasa lafiya, ko an ga aikin kirki a hannunsa. A riƙe wannan, domin a nan tsohon ma'auni ya bambanta da wanda ya iso mana.

Wajen shekara ta 400, Agustin na Hifo, a ƙasar Aljeriya ta yau, ya rubuta wa wani dikin na Kartaj ɗan littafi kan yadda ake koya wa sababbin shiga. Damuwarsa ba ta tsaya ga abin da za a koyar ba, har da malamin da ya gaji da maimaita abu ɗaya da ɗalibin da ya fara hamma. Ya ba da shawarar a ba mai sauraro wurin zama, a sassauta masa, a koyar da fara'a. A Urushalima kuma, a ƙarni na 4, koyarwa ba ta ƙarewa da baftisma. Makon da ke biye da Ista na waɗanda aka yi wa baftisma ne, ana warware musu ma'anar abin da aka yi musu.

Siffar da ta ɗauka a Arewa

'Yan mishan na SIM sun sauka a Najeriya a 1893, suka kafa tasharsu ta farko a Patigi a 1902. Karl Kumm na mishan ɗin SUM ya isa Wase a 1904. Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna cikin birnin Zariya, kafin aikin ya koma Wusasa a 1929. 'Yan Lutheran daga Denmak sun fara a Numan a 1913, 'yan Brethren kuma a Garkida a 1923. Gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita aikin mishan a masarautun Musulunci, don haka yawancin tubabbun farko daga Filato, kudancin Zariya, kudancin Bauchi da Adamawa suka fito, mutanen da kowanne ke da harshensa da addinin kakanninsa. Hausa ce ta haɗa su, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932.

Wannan tarihi ne ya ba ajin ƙafafunsa biyu. Ta farko karatu. A wurare da yawa ana sa ran mai neman baftisma ya iya karanta Littafin da kansa, sai dai a ɗauke wa tsofaffi. Ajin koyon addini na ƙauye shi ne makarantar boko ta farko da ƙauyuka da dama suka gani, mai bishara kuma shi ne malaminta. Makarantar Gindiri, da aka buɗe a 1934, irin waɗannan mutane ta horar, masu noma da hantsi su koyar da yamma. A 1938 aka naɗa fastocin farko na ikilisiyar da yau ake kira COCIN, wato Toma Tok Bot da Bali Falang da David Lot, kuma sannu a hankali renon sababbin masu bi ya koma hannun 'yan ƙasa.

Ƙafa ta biyu rabuwa. Ana so a ga mutum ya fita daga tsafi, ya ƙone layu da guraye, ya bar burkutu, ya daina aikin gona ranar Lahadi, ya tsaya ga mace ɗaya. Idan ya kammala aji sai ya zauna gaban dattawan ikilisiya, ya ba da shaidar tubansa, ya amsa tambayoyi kan Allah da zunubi da ceto, ya kawo Dokoki Goma da Addu'ar Ubangiji da ka. In sun gamsu a sa masa rana, in ba su gamsu ba ya koma aji.

Adalci ne a faɗi amfanin wannan. Karatun ya ba talaka damar buɗe Littafi ya duba da idonsa ko abin da mai wa'azi ya faɗa yana ciki. Tsananin kuma ya sa ba wanda ya shiga da wasa. A ƙauyen da burkutu ke cikin gayya da biki da sadaka ga kakanni, barinta fita ce daga zaman jama'a gaba ɗaya, kuma wanda ya jure hakan ya san abin da ya zaɓa.

Inda ma'aunin ya gaza

Sai dai abin da ido ke gani shi ya fi sauƙin aunawa. Dattawa na iya tabbatar da ko mutum ya bar giya, amma da wuya su gane ko ya bar ƙeta, ko yana cika mudu idan ya yi awo, ko matarsa na samun sakin fuska a gida. Da haka ma'aunin ya karkata ga jerin hani, har mai bi nagari ya zama wanda ba ya kaza ba ya kaza. Tambayar ƙarni na 3, ko ya gaida mara lafiya, ta koma baya. Sakamakon yana nan har yau. Yarinyar da ta yi ciki ba aure ana sa ta ƙarƙashin horo, a hana ta jibin Ubangiji, kowa ya sani. Wanda ya ci kuɗin marayu kuwa sau da yawa yana nan a kujerarsa ta gaba.

Batun mata fiye da ɗaya shi ne ya fi ciwo. Taron bishop-bishop na Angilikan a Lambeth a 1888 ya yanke cewa ba za a yi wa mai mata da yawa baftisma ba yana cikin wannan hali, kuma yawancin mishan na Furotesta a kan irin wannan matsayi suka tsaya. Magidanci ya zaɓa, ko ya saki matan da ya aura bisa al'ada tun kafin ya ji bishara, ko ya tsufa a ajin jira. Matar da aka saka da 'ya'yanta su suka biya kuɗin tsarkinsa. Sai a 1988, bayan shekara ɗari cif, Lambeth ya yarda a yi wa irin wannan mutum baftisma bisa sharaɗin ba zai ƙara aure ba, ba kuma za a tilasta masa sakin kowa ba. Ikilisiyoyin Arewa har yanzu bakinsu bai zo ɗaya kan wannan ba.

Akwai kuma matsalar harshe. Tsohuwar da Birom ko Ngas ko Bura ne harshen zuciyarta tana iya haddace amsoshi da Hausa ta ci jarrabawar dattawa, alhali maganar ba ta sauka inda take tunani ba. Fassarorin Sabon Alkawari cikin harsunan gida sun rage wannan, amma aji a wurare da yawa bai bi su ba.

Gaba da duka, ajin yana ƙarewa a bakin ruwa. An yi baftisma, an ba da kati, an ci shinkafa, shi ke nan. Alhali tambayoyin gaske bayan nan suke zuwa: yaro ya kwanta rashin lafiya, dangi sun ce a je wurin boka, an raba gado an tsallake shi, ya sake faɗawa cikin abin da ya yi rantsuwa ya bari, kunya ta hana shi zuwa majami'a. Cocin Katolika ya gane wannan giɓi, shi ya sa tsarin shigar da manya da ya fitar a 1972, bayan Majalisar Vatican ta Biyu, ya dawo da koyarwar bayan baftisma, daga Ista zuwa Fentikos.

Masu reno na gaske

To, in haka ne, me ya riƙe masu bi har suka tsaya? Amsar tana ƙarƙashin bishiyar bayan majami'a, inda Zumuntar Mata ke taruwa. A nan sabuwar mai bi ke koyon addu'a ta jin yadda manya ke yi. A nan take ganin ana haɗa kuɗin sabulu ga mai jego, ana dafa abinci a gidan makoki, ana zuwa sulhu gidan da miji da mata suka saɓa. Ayar da ta gagare ta a aji, a cikin waƙa take shiga kanta, da tulu da kacau-kacau. Zumunta a ƙafa take, kuma matan nan sun riƙe wannan fiye da kowa. Ga matasa, ƙungiyar mawaƙa da Birged na yin kwatankwacin wannan aiki.

Shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa, da ya taso a farkon shekarun 1960 da haɗin kan ikilisiyoyi, ya ƙara wani abu. Ya tara masu bi a ƙananan rukunin addu'a na gida-gida, ya aike su biyu-biyu su ba da shaida. Sabon tuba bai jira ya ƙware ba kafin a ba shi aiki, yana bin na gaba da shi yana koyo a hanya. Tsarin da Bulus ya bi da Timoti ke nan, wanda Barnaba ya fara bi da Bulus ɗin kansa lokacin da masu bi na Urushalima ke tsoronsa.

Wannan reno ya fi zama dole ga wanda ya bar addinin gidansu, ko Bamaguje ne ko wani. Irin wannan mutum yana iya rasa ɗaki da gona da mata da sunan ɗa a gidan ubansa. Duk wanda ya taɓa sauya addini, ko ta wace fuska, ya san nauyin. Ba littafin tambaya da amsa yake fara buƙata ba, sai wurin kwana da sana'a da wanda zai tsaya masa matsayin uba ranar aurensa. Yana kuma buƙatar a koya masa cewa sabuwar bangaskiya ba lasisin raina iyaye ba ce, domin girmama uwa da uba na cikin dokokin da ya haddace. Wanda aka koya wa zagin inda ya fito, an cuce shi an kuma cuci zaman lafiyar unguwa.

Halin da ake ciki yau

Abubuwa biyu sun sauya. Na farko, yawancin masu zama a ajin baftisma yanzu 'ya'yan masu bi ne. Ba su da laya da za su ƙone. Jarabarsu tana cikin waya, da cacar ƙwallo, da satar amsa, da neman aiki da cin hanci, abubuwan da tsohuwar manhaja ba ta san da su ba. Na biyu, manyan tarurrukan wa'azi sun kawo tuba ta gaggawa. A ɗaga hannu, a maimaita addu'a, a cike kati, washegari kowa ya kama gabansa. Wanda bai sami mai bin sawunsa ba sai ya koma wurin mai wa'azin talabijin ko na Facebook, wanda ke yi masa alkawarin mota da warkarwa amma bai san sunansa ba. Ranar da alkawarin ya ƙi cika, bangaskiyar ta bi shi.

Gyaran ba ya buƙatar a shigo da sabon tsari daga waje, domin kayan aikin suna gida. A bar aji yadda yake, yana koyar da tushen bangaskiya da karatun Littafi, cikin harshen da mutum ya fi ji. A dawo da mai tsayawa, wato kowane sabon mai bi a haɗa shi da wani dattijo ko dattijuwa da za su amsa tambaya a kansa, su ci gaba da ziyartarsa shekara guda bayan baftisma. Dattawa kuma su faɗaɗa tambayoyinsu. Bayan sun ji abin da ya bari, su tambaye shi wa ya yafe wa, bashin wa ya biya, wane mara lafiya ya gaida a watan nan. Ikilisiyar da ta fara yi wa sabon shiga waɗannan tambayoyi, dole tsofaffin cikinta su shirya amsa su ma.