Masu Sauraron Ƙanƙara

A ƙasar Suwidin, da zarar hunturu ya kankama tabkuna suka daskare, sai ka ga mutane rukuni-rukuni sun ɗaura takalma masu doguwar wuƙar ƙarfe a ƙasa, sun bazama suna zamiya a kan tabkin Mälaren da ke yamma da birnin Stockholm, wani lokaci har kan teku a tsakanin tsibirai. Sukan ci kilomita da yawa kafin rana ta faɗi, alhali abin da ya raba su da ruwa sau tari bai wuce faɗin tafin hannu ba. Baƙo zai ce ganganci ne. Ni kuwa ina ganin ba a cika samun masu taka-tsantsan irinsu ba, domin kowannensu yakan fito ne da shirin cewa yau ɗin nan yana iya rufzawa.

Ilimin ya fara ne daga ido. Sabuwar ƙanƙara, garau, wadda ake hango duhun ruwa ta cikinta, ita ce mafi ƙarfi. Fara, wadda dusar ƙanƙara ta jiƙe ta daskare a cikinta, ƙarfinta kusan rabin na waccan ne. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar Minnesota a Amurka ta ce kada a taka sabuwar ƙanƙara sai kaurinta ya kai inci 4, wato wajen santimita 10. Amma awo a wuri ɗaya ba ya gaya maka halin tabki duka. Ƙarƙashin gada, mashigar rafi da mafitarsa, matsatsi tsakanin tsibirai biyu, gindin ciyayin bakin ruwa, duk inda ruwa ke motsi a ƙasa, ƙanƙara ba ta kauri. Dusar da ta lulluɓe ta ma tana hana sanyi ratsa ta, ga shi kuma tana ɓoye rauninta. Ta ƙarshen hunturu ta fi kowace yaudara: kauri na nan, amma rana ta cinye ta daga ciki.

Shi ya sa jagoran tafiya ba ya rabuwa da sanda mai tsinin ƙarfe, yana tafe yana sukar ƙanƙarar da ke gabansa. In suka ɗaya ta huda, an juya ke nan. Abin da ya fi burge ni shi ne kunnensu. Yadda mai sayen tulu kan ƙwanƙwasa shi ya ji amo, haka su ma suke sauraron kukan ƙanƙara a ƙarƙashin wuƙaƙen takalmansu. Mai kauri muryarta ƙasa-ƙasa take. Tana sirancewa, muryar na ƙara tsini. Gwani yakan ji canjin tun kafin ido ya ga komai.

To, in duk da haka ta fashe fa? Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada, wanda ya sha tsunduma kansa cikin ruwan ƙanƙara don bincike, ya taƙaita lamarin da lambobi uku: 1, 10, 1. Minti ɗaya, minti goma, sa'a ɗaya.

Mintin farko yana cin mutane da yawa. Ruwan na taɓa fata, mutum zai ja wani wawan numfashi ba da son ransa ba, sai haki ya biyo baya, zuciya na bugawa da ƙarfi. In kansa na cikin ruwa a lokacin, ruwa ya shaƙa. Ba abin da ake so ya yi a nan sai riƙe gefen ƙanƙara, ya ɗaga baki sama, ya jira numfashi ya daidaita. Firgicin yana wucewa da kansa, kuma wanda ya san haka ya riga ya yi rabin aikin.

Daga nan yana da kamar minti goma kafin yatsu da hannuwa su daina jin umarni. Sai ya juya ya fuskanci inda ya fito, domin can ne ƙanƙara ta ɗauke shi ɗazu. A wuyansa akwai tsinken ƙarfe guda biyu masu ƙota, ɗaure da igiya, waɗanda mutanen Suwidin ke kira isdubbar. Zai caka su a ƙanƙara, ya miƙe ƙafafu a baya yana bugun ruwa har jikinsa ya kwanta, sannan ya ja ciki a hankali. Ya fito ma ba ya miƙewa tsaye, mirginawa zai yi ta yi har ya yi nisa da ramin. Jakar bayansa tana ɗauke da busassun tufafi a cikin ledar da ruwa ba ya shiga, ita ce kuma ke tallafe shi a ruwa, shi ya sa ake ɗaure ta da maɗauri ta tsakanin cinyoyi don kada ta haye masa kai. Abokan tafiya ba sa rugowa bakin ramin. Igiya suke jefa masa daga nesa.

Sa'a ɗayar kuwa ita ce kimanin lokacin da sanyi ke ɗauka kafin ya gusar da hankali, ba 'yan mintoci ba kamar yadda aka ɗauka. Wanda ya kasa fita sai ya shimfiɗa hannuwansa a kan ƙanƙara ya bar motsi, ko hannun rigarsa ya daskare ya riƙe shi har taimako ya iso. In an ciro shi, a kwance ake ɗaukarsa, ba a mulmula masa gaɓoɓi, ba a ba shi giya, ana ɗumama shi sannu a hankali.

Likitocin arewacin Turai ba sa saurin fid da rai da wanda sanyi ya sandarar. A 1999, Anna Bågenholm ta maƙale a ƙarƙashin ƙanƙarar wani rafi kusa da Narvik a Norwe na tsawon minti 80. Zafin jikinta ya sauka zuwa digiri 13.7, zuciyarta ta tsaya. A asibitin Tromsø aka ɗumama jininta da na'ura har zuciyar ta ci gaba da bugawa, daga baya kuma ta yi aikin likita a wannan asibitin.