HARAKIRI: Ran Da Takobin Gora Ya Tona Asirin Manya

Mai karatu, in kana cikin waɗanda suka kalli Kill Bill na 2003, na san ba ka manta da takobin nan da aka ƙera wa jarumar ba, wanda ke yanka mutum kamar ana yanka kabewa. Da yawanmu daga irin waɗannan finafinai muka san takobin Japanawa, wato katana. To yau zan kai ka ga wani tsohon fim wanda ya ɗauki wannan takobi ya yi masa tambayar da sauran suka ƙi yi: shin ƙarfe ya fi ran ɗan Adam daraja?

Fim ɗin shi ne Harakiri, na darakta Masaki Kobayashi, wanda ya fito a 1962. Shinobu Hashimoto ne ya tsara labarin, Tatsuya Nakadai kuma ya ja fim ɗin. Ba mai kala ba ne, amma ya ci kyauta ta musamman a bikin finafinai na Cannes da ke Faransa a 1963.

Kafin ka ji zafin labarin, sai ka san abin da takobi yake a wajen mutanen nan. Daga baƙin yashi mai tama ake narko ƙarfensa, a wani murhun yumɓu da suke kira tatara, ana zuba yashi da gawayi kwana uku ba dare ba rana. Maƙeri ya ɗauki ƙarfen ya buga, ya ninke, ya sake bugawa, sau goma ko fiye, don dattin ciki ya fita. In aka yi ninki 15, lissafi ya ba ka shimfiɗa 32,768. Sannan a naɗe ƙarfe mai laushi a cikin mai tauri, yadda bakin zai yi kaifi, jikin kuma ba zai karye ba. A shafe shi da laka, mai kauri a gadon baya, 'yar kaɗan a baki, a gasa ya yi ja, a tsoma a ruwa. Nan take yake ƙara lanƙwasa, nan ne kuma zanen nan mai kama da igiyar ruwa, wato hamon, yake samuwa. Mai wasawa ma sai ya share makonni. A wancan zamani ɗan ajin samurai ne kaɗai ke da ikon ɗaura takubba biyu, dogo da gajere, har sai da gwamnati ta hana yawo da su a 1876.

To ka ji fa. Labarin ya faru ne a 1630. Yaƙe-yaƙe sun ƙare, an rushe wasu masarautu, mayaƙa sun zama 'yan zaman kashe wando. Sai wasu suka tsiro da dabara: mutum ya je gidan babban basarake ya ce a ara masa fili zai farke cikinsa don ya mutu da mutunci, su kuma a ba shi 'yan kuɗi a sallame shi. Wani saurayi, Motome, ya je gidan Ii da wannan roƙo. Fadawa suka duba kubensa, ashe ya sayar da ƙarfen, gora ce a ciki! Maimakon tausayi, suka tilasta masa ya cika alkawari da wannan gorar. Wallahi wannan fitowa ba ta kalluwa da daɗi, kuma daraktan bai so ta kallu da daɗi ba.

Daga baya sai ga wani dattijo, Hanshiro, da irin wannan buƙata. Ya zauna a farfajiya, ya ce a bar shi ya ba da labari tukuna. Ashe Motome mijin 'yarsa ne, talauci da ciwon mata da na ɗa ne suka kai shi ga rabuwa da takubbansa. Inda fim ɗin ya fi taɓa ni shi ne inda dattijon ya gane cewa shi kansa bai taɓa tunanin sayar da nasa takobin ba, alhali jikansa na kwance ba kuɗin magani. Ka ga ke nan ba fadawa kaɗai ake tuhuma ba, har da jarumin.

Dubi kuma yadda ya rama. Bai kashe fadawa ukun da suka ƙulla abin ba, tukkunsu ya yanke, su kuwa suka ɓuya a gida da sunan rashin lafiya. Masu kurin gara mutuwa da kunya ke nan! A ƙarshe da takubbansu suka gaza, bindiga suka ɗauko. Littafin tarihin gidan kuma aka rubuta cewa ciwo ne ya kashe waɗanda suka mutu.

Amma fa ba a rasa nono a ruga. Fim ɗin ya haura awa biyu, kuma mai jiran sara da suka zai daɗe yana hamma, don yawancinsa zance ne a zaune. Ni dai ban ga laifin wannan ba, tunda jinkirin ne ya sa karon da aka yi a cikin ciyawa da iska ya yi armashi. Ƙorafina shi ne Miho, matar Motome. Ita ta fi kowa asara, amma ba a ba ta bakin magana ba, sai tari da hawaye.

Shawarata ga marubutanmu da daraktoci: ku lura da yadda abu ɗaya tak, takobin gora, ya ɗauki nauyin labari gaba ɗaya ba tare da doguwar nasiha ba. Kai kuma mai karatu, nemi fim ɗin ka kalla cikin natsuwa. In ka gama, ka tambayi kanka: da kai ne Motome, takobi za ka riƙe ko ɗanka?