Ta'aziyyar Mawaƙi: Yadda Aka Tuna da Bach

A ƙasar Jamus ta ƙarni na 18 akwai al'adar rubuta taƙaitaccen tarihin mamaci a buga shi cikin mujalla, rubutun da ake kira nekrolog, wanda yake haɗa ta'aziyya da yabo da lissafin ayyukan da mutum ya bari. Wannan al'ada ce ta fara tsara yadda duniya take kallon Johann Sebastian Bach, wanda aka haifa a Eisenach a 1685 ya kuma rasu a Leipzig a 1750, domin ɗansa Carl Philipp Emanuel da ɗalibinsa Johann Friedrich Agricola su suka rubuta nasa, aka buga shi a 1754.

Tun da alƙalamin yana hannun 'yan gida, iyali ya samu babban gurbi a cikin labarin. Bach da kansa ya share fagen haka, domin a 1735 ya tattara asalin zuriyarsu, inda ya jero maza 53 waɗanda galibinsu makaɗa ne. Ya haifi 'ya'ya 20 da matansa biyu, Maria Barbara da Anna Magdalena, kuma goma ne kaɗai suka girma. Ta'aziyyar ta ba da labarin yadda ya dawo daga tafiya da ubangidansa a 1720 ya tarar an riga an binne uwargidansa Maria Barbara, amma ba ta tsaya a kan tsare shi da aka yi kusan wata guda a Weimar a 1717 ba, lokacin da ya matsa sai an sallame shi daga aiki.

Batun addini ya fi na iyali wuyar warwarewa, saboda daga 1723 aikin Bach shi ne shugabancin mawaƙan cocin Thomas a Leipzig, wanda ya ɗora masa shirya kantata, wato waƙar ibada mai muryoyi da kayan kiɗa da ake rerawa ranar Lahadi. Marubutan da suka biyo bayan farfaɗo da waƙarsa kan wahalar Almasihu, wadda mawaƙi Mendelssohn ya gabatar a Berlin a 1829, sun ɗauke shi tamkar mai wa'azi. A 1962 masanin kiɗa Friedrich Blume ya ƙalubalanci wannan fahimta, yana ganin cewa yawancin waƙoƙin cocin wajibin aiki ne. Sai dai kwafin Littafi Mai Tsarki na Bach, mai ɗauke da sharhin Abraham Calov, wanda ya ɓulla a jihar Michigan ta Amurka a 1934, yana da bayanan da ya rubuta da hannunsa a gefen shafuka, kuma wannan karatu ne na ɗaki wanda babu shugaban da ya tilasta masa.

Abin da nazarin wannan al'ada yake nunawa shi ne ta'aziyya tana faɗin gaskiya amma tana zaɓen wadda za ta faɗa, don haka masanin tarihi yake buƙatar takardun da ba domin yabo aka rubuta su ba. Irin waɗannan takardu ne na birnin Leipzig suka nuna cewa Anna Magdalena, wadda ta kwafe masa waƙoƙi da yawa da hannunta, ta rasu a 1760 tana rayuwa a kan sadaka.