Fim Ɗin Shaihu Umar da Fataucin Mutane ta Hamada

Manufar wannan takarda ita ce a duba ko fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a shekarar 1976, ya cancanci a zauna a kalle shi a yau, musamman ga ɗalibanmu na Dutsin-Ma da Kurfi. Dalilin tambayar kuwa shi ne, hanyar da ta tashi daga Dutsin-Ma ta ratsa Kurfi ta shiga Katsina, ita ce ke zarcewa Jibiya da Maraɗi, daga can kuma masu neman tsallaka hamada su nufi Agadas.

Asalin labarin littafi ne da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta don gasar da Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933. Daga baya Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, sa'an nan aka yi fim. Fim ɗin ya daɗe a ɓace, sai a 2016 aka gano faifansa, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018.

Tun farko ya kamata mu faɗa cewa wanda ya zo neman irin fim ɗin ɓarayi da 'yan sanda ba zai gamsu ba. Fim ɗin ya haura sa'a biyu, tafiyarsa kuma a hankali take. Bugu da ƙari, da yake an buɗe shi ne da Shaihu Umar zaune cikin almajiransa yana ba su tarihinsa, mai kallo ya riga ya san yaron da aka sace ya tsira, har ya zama malami. Wannan zubi ya kashe rabin fargabar da labarin sata da bauta ya kamata ya sa a zuciya.

To amma a ganinmu, ƙarfin labarin yana wajen mahaifiyar Umar. Shi Umar ɗaukarsa aka yi yana yaro, aka yi ta miƙa shi daga hannu zuwa hannu har Kano, inda Balarabe Abdulkarim ya tafi da shi Misira. Ita kuwa uwar da ƙafarta ta fita neman ɗanta, tana 'yantacciya, ba wanda ya ɗaure ta. Sai ta haɗu da Ado, wanda ya yi mata alkawarin kai ta inda ɗan yake, ta amince ta bi ayarinsa, ƙarshe ya sayar da ita a Murzuk. A nan Tafawa Ɓalewa ya gano wani abu da masu nazari ba su cika tsayawa a kai ba, don jigon bauta da harin bayi ya fi ɗaukar hankalinsu: mai safarar mutane bai buƙatar igiya ko mashi. Abin da yake buƙata shi ne mutum mai matsananciyar bukata wanda bai san hanya ba. Da zarar an yi nisa cikin rairayi, inda ba dangi ba mai shaida, ɗan rakiya ya zama ubangida. (Abin lura ne cewa marubucin bai ba wannan mata ko suna ba, alhali ita ta ɗauki wahalar labarin.)

Wannan kuwa bai zama tarihi ba. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. A 2017 gidan talabijin na CNN ya nuna yadda ake gwanjon baƙin haure a Libiya, ƙasar da Murzuk take ciki. Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure a 2015, gwamnatin soja ta soke ta a Nuwamban 2023. Raƙumi dai ya koma mota, amma cinikin Ado na nan yadda yake.

Inda muke da ja da labarin shi ne wajen Abdulkarim. An nuna shi mutumin kirki, ya riƙe Umar kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu. Hatsarin wannan shi ne matashin da ke tunanin tafiya ya ɗauka cewa bayan wuya akwai wani Abdulkarim da ke jiransa a can. Har ila yau, an bar wa ƙaddara warware kome: uwa ta ga ɗanta ta rasu, guguwar rairayi ta binne ayari, Umar ya tsira, ba wanda aka tuhuma.

Duk da haka muna ganin fim ɗin ya cancanci kallo, kuma ya dace sassan Hausa na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma su nemi kwafinsa su nuna wa ɗalibai bayan sun karanta littafin. In an zo tattaunawa, malami ya fara da tambayar abin da ya sa mahaifiyar Umar ta yarda da Ado, da kuma wanda za ta iya kai wa ƙara a Murzuk.